Amfilifayar da Ba Ta Zafi Kuma Ba Ta Gajiyar da Kunne: Wane Aji Ya Fi Dacewa?

Mai son sauraron kiɗa na awa huɗu ko biyar a zama ɗaya yana neman abubuwa biyu a wurin amfilifaya, wato na'urar da ke ƙara wa sauti ƙarfi kafin ya isa ga sifika, kuma an daɗe ana gaya masa cewa ba sa haɗuwa a akwati ɗaya. Yana son na'urar da ba za ta dumama masa ɗaki ba, kuma yana son sautin da kunne zai jure har dare ya raba ba tare da ya ji kamar ana tsikararsa ba. Maganar da ta yaɗu a tsakanin masu sha'awar kayan sauti ita ce, amfilifaya mai zafi ita ce mai taushin murya, mai sanyi kuwa kaifi gare ta. Maganar tana da tushe a tarihi, amma ta tsufa, kuma wanda ya riƙe ta a yau zai iya sayen zafin da ba ya bukata, ko ya guje wa na'urar da ta fi dacewa da shi. Zafi da gajiyar kunne matsaloli biyu ne masu sababi daban-daban, don haka ya kamata a auna kowacce ita kaɗai kafin a haɗa su wajen yanke shawara.

Duk wutar da amfilifaya ta ja daga soket zafi take komawa a ƙarshe. Sifikar gida ba ta mayar da ko kashi 1 cikin 100 na wutar da aka ba ta zuwa sauti, sauran yana ƙonewa ne a cikin wayar da ke naɗe a cikinta, abin da bai kai ga sifika ba kuwa yana fita ta jikin amfilifayar. Saboda haka tambayar yawan zafi tambaya ce ta yawan wat ɗin da na'urar ke ci a lokacin da ake sauraro. A nan ne takardun talla ke ɓatar da mutane, domin sukan ambaci ingancin na'ura, wato kason wutar da take ja da ke isa ga sifika, a lokacin da aka ƙure ta, alhali ba wanda ke ƙure amfilifaya na awa biyar. A sauraro irin na gida, matsakaicin abin da ke zuwa ga kowace sifika bai cika wuce wat 1 ko 2 ba. Adadin da ya fi kowanne amfani ga mai gudun zafi shi ne wutar da na'urar ke ci tana kunne ba a sa mata komai ba, domin shi ne kusan abin da za ta zuba a ɗakin daga farkon zama zuwa ƙarshensa. Kada a rikita shi da adadin lokacin barci, wato lokacin da na'urar ta daina aiki amma tana jone tana jiran a tashe ta, wanda dokar Tarayyar Turai ta ƙayyade wa rabin wat tun 2013. Wannan ba ya gaya wa mai saye komai game da zafi.

Ana raba amfilifayoyi aji-aji, A, AB, D da sauransu, bisa yadda taransistocinsu, wato ƙananan sassan da ke ƙara wa sauti ƙarfi, suke sarrafa wuta. Ajin A shi ne mafi tsufa a tunani kuma mafi tsada a wuta. Taransistocinsa suna buɗe ne koyaushe, wuta mai yawa tana ratsa su ko da kiɗa ko babu, ta yadda ba wani lokaci da ɗaya zai miƙa wa ɗan'uwansa aiki a tsakiyar sauti. Wannan ne ya sa gurɓatarsa, wato jirkitawar da yake yi wa sautin asali, ke da sauƙin siffa, kuma tana raguwa yayin da aka rage murya. Amma lissafi bai yi masa sassauci ba: iyakar ingancinsa a ka'ida kashi 25 cikin 100 ne a tsari mafi sauƙi, kashi 50 a tsari mafi kyau, kuma ya fi zafi a lokacin da ba a sa masa komai ba. Amfilifayar da ke ba da wat 30 a kowane gefe, wato ga sifikar hagu da ta dama, a wannan aji ba za ta ci ƙasa da wat 120 ba ko a takarda, a zahiri kuwa takan kai 200 ko fiye. Mutum baligi da ke zaune yana fitar da zafin kimanin wat 100 daga jikinsa, don haka ajiye irin wannan na'ura a ƙaramin ɗaki daidai yake da ƙara mutum biyu da ba sa fita shan iska. A awa biyar ta cinye kilowat-awa guda.

Duk da haka ajin A bai rasa masoya ba, kuma ba su yi wauta ba. Sugden A21 da ta fito a Ingila a ƙarshen shekarun 1960, da tsarin wat 10 da John Linsley Hood ya wallafa a 1969, da na'urorin Nelson Pass na Amurka, duk sun yi suna wajen sautin da ake zama da shi a daɗe. Musical Fidelity A1 ta 1985, wadda Tim de Paravicini ya tsara, wat 20 kawai take bayarwa, amma an san ta da murfin da hannu ba ya iya daɗewa a kai. Wanda ɗakinsa ke da faɗi da sanyi, kuma sifikokinsa ba sa cin wuta, zai iya zama da irin waɗannan lafiya. Wanda ya sa sanyin na'ura a cikin sharuɗɗansa kuwa, gara ya cire su daga jeri tun da wuri, musamman da yake sukan ɗauki kusan awa guda kafin zafinsu ya daidaita, abin da ke sa masu su kunna su tun kafin a zauna.

Amfilifayar bawul, mai kwalaben gilashi da ke ja in an kunna, ba ta bukatar dogon bayani. Kowace kwalbar EL34 tana cin bolt 6.3 da amfiya 1.5, kusan wat 9 da rabi, don dumama zarenta kawai. Na'ura irin Dynaco ST-70 ta 1959 tana da guda huɗu don ba da wat 35 a kowane gefe, ke nan wat 38 sun tafi kafin a taɓa sauti, kuma in an haɗa da wutar da ke ratsa kwalaben suna jira, jimillar takan haura wat 100. Ga kwalaben suna tsufa, sai an riƙa sauya su. Daɗin muryarta gaskiya ne ga masu son ta, amma ba ta cikin masu sanyi.

Ajin AB shi ne abin da ke cikin mafi yawan amfilifayoyin da aka sayar a shekaru hamsin da suka wuce. Taransistoci biyu ne ke raba aikin, ɗaya yana turawa, ɗaya yana jawowa, kuma ana barin 'yar wuta kaɗan tana ratsa su don kada a ji gaɓar miƙa aikin. Idan wannan 'yar wuta ta yi kaɗan, gaɓar takan bar tabo a sauti, kuma tabon ya fi fitowa a ƙaramar murya, wato daidai inda mai dogon sauraro yake zama. Wannan ne ya ɓata sunan amfilifayoyin taransista na farko a shekarun 1960, amma injiniyoyi sun daɗe da shawo kansa. Matsakaiciyar na'ura a wannan aji takan ci tsakanin wat 20 da 60 tana jira, abin da ke sa murfinta ya yi ɗumi ba tare da ya ƙona hannu ba. Sai dai sunan ajin ba ya ba da tabbaci, domin wasu kamfanoni suna ƙara wutar jiran har na'urar ta yi aiki a ajin A a wat 10 ko 20 na farko, kuma irin wannan a fannin zafi 'yar'uwar ajin A ce ko me aka rubuta a jikinta. Wasu sun bar wa mai ita zaɓi: Yamaha CA-1000 ta 1973 tana da makunnin sauya aji, haka ma Parasound JC 1 tana da makunnin rage wutar jira. Wannan dabara ce mai kyau ga wanda ke zaune inda ake da lokacin sanyi da lokacin zafi.

Akwai wani abu game da ajin AB da ba a cika faɗa wa masu saye ba. Ingancinsa na kashi 78.5 cikin 100, wanda shi ne iyakarsa a ka'ida, yana samuwa ne a ƙurewa kaɗai, kuma yana sauka tare da ƙarfin abin da ake fitarwa. Amfilifaya mai wat 100 da ke ba da wat 1 tana aiki ne da kashi ɗaya bisa goma na bolt ɗinta, don haka ingancinta bai kai kashi 8 ba. Tana jan kimanin wat 13 don ta ba da ɗaya. Ma'anar wannan ita ce, a murya iri ɗaya, babbar amfilifaya ta fi ƙarama zafi, domin ragowar ƙarfin da ba a yi amfani da shi ba a jikin taransistoci yake ƙonewa. Zafinta ya fi tsanani a wajen kashi 40 cikin 100 na ƙarfinta, shi ya sa dokar da hukumar kasuwanci ta tarayyar Amurka ta kafa a 1974, wadda ta wajabta a kunna amfilifaya awa guda a kashi ɗaya bisa uku na ƙarfinta kafin a auna ta, ta zama jarrabawa mai wuya ga na'urori masu ƙaramin ƙarfen shan zafi. Wanda ya sayi wat 250 a ajin AB don ya saurari kiɗa a hankali ya sayi zafin da ba zai ci moriyarsa ba.

Wannan ɓarna ce azuzuwan G da H suka zo magancewa. Maimakon a riƙe wuta mai ƙarfi koyaushe ana jiran tsawar da ba ta zuwa sai jefi-jefi, sai na'urar ta yi aiki da ƙaramar wuta a yawancin lokaci, ta hau babbar a ɗan lokacin da kiɗan ya nema. Hitachi ta sayar da irin wannan a ƙarshen shekarun 1970, Arcam ta Ingila kuma tana amfani da ajin G a manyan samfuranta. Benchmark AHB2, mai wat 100 a kan sifika mai om 8 (om shi ne ma'aunin turjiya, wato yadda abu ke tauye wucewar wuta), ta haɗa wannan tunani da wata dabarar share gurɓata ta kamfanin THX, ta yadda take aiki da ƙaramar wutar jira, ba fanka, kuma ma'auninta yana cikin mafi tsabta da ake da su. Tun kafin nan Quad 405 ta Peter Walker, a tsakiyar shekarun 1970, ta ɗora kyawun sauti a kan wata 'yar ƙaramar da'ira mai aiki a ajin A, ta bar wa manyan taransistoci aikin ƙarfi ba tare da wutar jira ba. A ganina wannan iyali shi ne mafakar wanda zuciyarsa ba ta kwanta da ajin D ba amma ya gaji da zafi. Illarsa ita ce samfuransa ba su da yawa, kuma da'irarsa ta fi ta AB rikitarwa.

Ajin D ya bi wata hanya dabam. Taransistocinsa ba sa tsayawa a rabin buɗewa. Makunnai ne da ke buɗewa gaba ɗaya ko rufewa gaba ɗaya, sau dubu ɗari huɗu ko biyar a daƙiƙa, kuma tsawon kowace buɗewa shi ne ke ɗauke da siffar sautin. Makunnin da yake a buɗe sosai ko a rufe sosai ba ya ƙona wuta sai kaɗan, shi ya sa ingancin ke haura kashi 90 cikin 100 a babban aiki, wutar jira kuma galibi tsakanin wat 10 da 30 take ga na'urar gaba ɗaya. Abin da ya fi wannan muhimmanci, ƙarfin na'urar ba ya ƙara mata zafi sosai a ƙaramar murya, don haka ana iya samun wat 200 a ajiye don tsawar kiɗa ba tare da an biya harajinsa awa bayan awa ba. A fannin sanyi kam, babu mai ja da shi.

Inda gizo ke saƙar shi ne matatar da ke bakin fita, wadda aikinta shi ne tace wannan saurin kunnawa da kashewa ta bar sauti zalla. Matatar naɗin waya ce da kafasita, kuma halinta yana sauyawa bisa turjiyar sifikar da aka haɗa mata. A tsofaffin tsare-tsare, da kuma da yawa daga cikin masu arha na yau, an daidaita ta ne ga turjiya guda. In aka haɗa ta da sifikar da turjiyarta ta fi haka a sama, siririn sauti sai ya ɗaga, in ta yi ƙasa kuma sai ya dushe. Da yake turjiyar sifikoki da yawa tana hawa a can sama saboda naɗin wayar da ke cikinsu, ɗagawar ce ta fi faruwa, kuma daga nan ne ajin D ya samo sunan kaifi. Sunan bai zo a banza ba: tun daga Sinclair X-10 ta 1964 har zuwa ƙananan na'urorin Tripath na ƙarshen shekarun 1990, sautin ajin D ya dogara ƙwarai da abin da aka haɗa shi da shi.

Maganin ya zo ne da aka koyi ɗebo samfurin sauti daga bayan matatar, wato daga inda wayar sifika ke kamawa, a kwatanta shi da abin da ya shigo, a share bambancin. Bruno Putzeys, injiniya ɗan ƙasar Beljiyam, ya tsara allon amfilifaya mai suna UcD a kan wannan hanya lokacin da yake aiki a Philips a farkon shekarun 2000, daga baya ya yi Ncore a kamfanin Hypex na Holan, sannan Eigentakt a kamfanin Purifi na Denmak, wadda ta fito a 2019. ICEpower, da ta samo asali daga haɗin gwiwa da Bang & Olufsen a 1999, ita ma ta yi nisa a wannan fage. Waɗannan alluna ne da kamfanoni da dama ke saye su saka a akwatunansu: NAD M33 da C 298 suna amfani da na Purifi, Marantz PM-10 kuma da na Hypex. Amfilifayar da aka gina a kan irin waɗannan ba ta damu da turjiyar sifika ba, kuma gurɓatarta tana ƙasa da abin da kunne ke kamawa. Saboda haka tambayar da ta dace ga mai duba ajin D ita ce ko da'irar gyaranta ta haɗa da matatar fita. Idan kamfani ko masu aune-aune masu zaman kansu sun nuna zanen amsar na'urar a om 4 da om 8, kuma layukan biyu suna kwance tare har zuwa kilohaz 20, wato iyakar siririn sautin da kunne ke ji, an wuce wannan matsala. Idan sun rabu da desibel (ma'aunin ƙarfin sauti) ɗaya ko fiye a sama, to sautin da za a ji zai zama sa'a ce.

A nan ya kamata a koma ga ainihin gajiyar kunne, domin amfilifaya ba ita ce babbar mai laifi ba a mafi yawan lokuta. Na farko shi ne ƙarfin murya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ma'aunin desibel 80 na awa 40 a mako ga baligi, kuma kowane ƙarin desibel 3 yana raba wannan lokaci biyu. Wanda ke sauraro a desibel 90 zai gaji ko da wace irin na'ura. Na biyu shi ne sifika da ɗaki: kunnen ɗan Adam ya fi saurin jin abin da ke tsakanin kilohaz 2 da 5, kuma sifikar da ta ɗaga wannan yanki da desibel 2 ko 3 takan burge a minti goma na farko, ta zama azaba a awa ta uku. Ɗaki mai bango fayau da daɓen tayil da gilashi yana ƙara wannan. Na uku shi ne faifan kansa, musamman waɗanda aka matse sautinsu don su yi ƙara. Sauya amfilifaya ba ya gyara ko ɗaya daga cikin ukun nan, sai dai ya lulluɓe su.

Abin da ke wuyan amfilifaya kuwa abubuwa ne da ake iya aunawa. Akwai irin gurɓatar da take haifarwa: takan ƙara wasu sautuka da suka ninka na asali a sirantaka, ninki biyu na sauti yana saje da asalinsa har wasu na jin daɗinsa, ninki bakwai ko tara kuwa kunne yana kama su ko da kaɗan ne, don haka adadi guda na jimillar gurɓata ba ya ba da cikakken labari. Akwai kuma turjiyar da ita kanta amfilifayar ke da ita a bakin fita. A ɗauki sifikar da turjiyarta ke yawo tsakanin om 4 da om 20, kamar yadda da yawa suke yi. In aka haɗa ta da amfilifayar bawul mai turjiyar om 2, bambancin ƙarfi tsakanin wuraren biyu zai kai kusan desibel 2.7, abin da kowa zai ji. In aka haɗa ta da mai turjiyar om 0.05, bambancin bai kai desibel 0.1 ba. Wani kaso mai yawa na abin da ake kira taushin bawul wannan ne, kuma ko zai zo da daɗi ko akasin haka ya dogara ga inda turjiyar sifikar ta hau da inda ta sauka. Zafi ba shi ne ke kawo taushin ba, tafiya tare kawai suka yi.

Sai kuma ƙarewar ƙarfi, wadda a ganina ta fi sauran yawan jawo gajiyar da ake ɗora wa wasu abubuwa. Sifika mai ba da desibel 87 a wat 1 daga nisan mita guda za ta ba da wajen desibel 83 a kujerar da ke nisan mita uku, in an lissafa da 'yar'uwarta, wato sifika ta biyu, da amsawar ɗaki. Ke nan rabin wat ya isa matsakaicin sauraro. Amma kiɗan da aka naɗa da kyau yana da tsawar da ke haura matsakaicinsa da desibel 15 zuwa 20, kuma desibel 20 ninki ɗari ne na wuta. Rabin wat ya zama wat 50 na ɗan ƙiftawar ido. Amfilifayar da ba ta da wannan ajiya sai ta datse kan sautin, datsewar kuma tana haifar da waɗancan manyan ninkoki masu soka kunne. Mai sauraro ba zai ce ya ji tsagewa ba, zai dai ji yana son rage murya ko tashi. A nan ne ƙaramar amfilifayar ajin A mai wat 20 ke iya fin ajin D mai wat 200 gajiyarwa, in an haɗa ta da sifika mai cin wuta. Kowane ragin desibel 3 a saurin amsawar sifika, wato ƙarfin sautin da take bayarwa a wat 1, yana ninka wat ɗin da ake bukata, don haka a fara duba sifika kafin a duba aji.

Wani abin da ke ruɗa masu saye shi ne ɗora hannu a kan murfi. Zafin da hannu ke ji da yawan zafin da ke shiga ɗaki ba abu ɗaya ba ne. Ƙaramin akwatin ajin D da ke cin wat 15, wanda jikinsa ne kaɗai ke sha masa zafi, zai iya fin babbar amfilifayar AB mai cin wat 40 ɗumi a hannu, alhali ita babbar ta fi shi dumama ɗakin kusan ninki uku. Ga jin daɗin mai zama, wat ne abin dubawa. Ga tsawon ran na'ura kuwa, zafin cikin akwati ne. Kafasitocin ruwa, waɗanda su ne suka fi saurin mutuwa a cikin kowace amfilifaya, ransu yana raguwa da rabi a duk ƙarin digiri 10. Wadda aka ƙayyade wa awa 2,000 a digiri 105 za ta yi kimanin awa 32,000 a digiri 65, ta yi 64,000 a digiri 55. Wannan ya sa ba na yaba wa ƙananan akwatuna masu cunkoso da ba su da ramukan iska, ko da ajin D ne. Kuma kowace irin amfilifaya aka cusa a rufaffen kabad, ko aka ɗora mata wata na'urar a kai, za ta yi zafi; faɗin tafin hannu a sama da gefe shi ne mafi ƙarancin sarari.

A guji mai fanka in za a zauna kusa da ita. Amfilifayoyin da aka yi don dandali da manyan zauruka suna da ƙarfi da sanyi, amma fankarsu da ba a ji a taro ana jin ta sarai a ɗaki da dare. Haka ma gurnanin taransifoma da huci daga sifika lokacin da babu kiɗa: ƙananan abubuwa ne da ke girma da tsawon zama, kuma hucin ya fi damun masu sifikoki masu saurin amsawa, na desibel 95 zuwa sama.

Idan aka jera su ga mai ƙaramin ɗaki ko matsakaici, mai sifikoki na desibel 84 zuwa 88 da turjiyar da ke sauka zuwa om 4, wanda kuma zai saurara awanni da yawa, ajin D na zamani mai gyara daga bayan matata shi ne zaɓin da ya fi ƙarfin hujja: ya fi kowa sanyi, yana da ajiyar ƙarfi, kuma ba ya sauya launin sifika. Wannan na ƙarshe takobi ne mai kaifi biyu, domin in sifikar tana da kaifi zai nuna shi yadda yake, kuma a nan ne za a ga amfanin maɓallan rage siririn sauti da ƙara mai kauri, waɗanda wasu masu tsattsauran ra'ayi ke rainawa ba gaira ba dalili. Tun binciken Fletcher da Munson na 1933 aka san cewa kunne yana rasa kaurin sauti in an rage murya, shi ya sa maɓallin cike wannan giɓi, irin wanda Yamaha ke sakawa a na'urorinta, yake da amfani ga mai sauraron dare fiye da wat ɗari na ƙari. Ga mai sifikoki masu sauƙin tuƙi, na desibel 89 zuwa sama, matsakaiciyar AB mai wat 40 zuwa 80 da ƙaramar wutar jira ta isa, ɗuminta ba zai dame shi ba, kuma tana da wata fa'ida da ajin D bai kai ta ba: an gina ta da sassa na gama-gari da ƙwararren mai gyara zai iya canzawa ɗaya bayan ɗaya bayan shekaru ashirin, alhali allon ajin D da na wutarsa galibi sai dai a sauya su ɗungurungum, in har kamfanin yana nan yana yin su. Ajin G ko H ya zauna a tsakanin biyun ga mai son ƙarfi da yawa ba tare da makunnai masu sauri ba.

Wajen gwaji kafin saye, minti goma a wurin mai sayarwa ba su da amfani ga wannan tambaya, don gajiya ba ta bayyana sai an daɗe. A nemi damar kawo na'urar gida, a haɗa ta da sifikokin da za ta zauna da su, a saurara awa biyu ko uku a muryar da aka saba, da faifan da aka sani sosai, har da waɗanda naɗinsu bai yi kyau ba tun da su ma za a riƙa jin su. In ana kwatanta biyu, dole a daidaita ƙarfinsu da ma'aunin bolt a bakin wayar sifika ta amfani da sauti guda mai tsayawa, domin bambancin rabin desibel ya isa ya sa wadda ta fi ƙara ta zama kamar ta fi kyau. Ƙaramin ma'aunin wat da ake sokawa tsakanin soket da filogi zai nuna wutar jira ta gaskiya, a karanta shi bayan na'urar ta yi awa guda a kunne, sannan a sake karantawa ana cikin kiɗa. Idan adadin biyu duka suna ƙasa da wat 30, na'urar ba za ta sauya yanayin ɗaki ba. Idan na farko ya haura 100, sai a lissafa da shi a duk awannin da za a zauna, musamman a watannin zafi.